Yadda ake bin sawun rikiɗar silika a cikin dutsen laka, daga ofal zuwa kwaz

Ana iya ɗauko gutsuren dutse biyu daga rijiya ɗaya a kai su ɗakin gwaji, sakamako ya nuna cewa kowanne daga cikinsu kashi 80 cikin ɗari silika ne, wato sinadarin da yashi da gilashi suka ƙunsa, amma na farko ya kasance mara nauyi, yana marmashewa a hannu kamar alli, na biyu kuwa ya yi taurin da yake dakusar da bakin na'urar haƙa. Abin da ya raba su shi ne halin da silikar take ciki, da kuma hanyar da ta biyo tun daga ranar da ta kwanta a gindin ruwa har zuwa lokacin da aka haƙo ta. Masana ilimin duwatsu suna kiran duk sauye-sauyen da ke samun laka bayan an binne ta da sunan dayajenesis, ni kuma a nan zan riƙa cewa rikiɗar binne. Wannan jagora ta shafi rikiɗar silika ce a cikin dutsen laka, wato dutsen da ya samu daga daskarewar taɓo mai laushin ƙwayoyi, wanda shi ne ya fi kowane irin dutse yawa a kwaruruwan da laka ta taru a cikinsu shekaru miliyoyi. An tsara ta ne domin ɗalibin ilimin ƙasa, da mai aikin fassara bayanan rijiyar mai, da duk wanda zai yanke hukunci a kan ƙarfin dutse ko yawan kafofinsa.

Mataki na farko: a tantance inda silikar ta fito

Kafin a auna komai, sai a tambayi asalin silikar, domin hanyoyi uku ne manya take shigowa cikin laka, kuma kowace hanya tana haifar da dutse mai hali dabam. Ta farko ita ce ƙwayoyin kwaz, wato ma'adinin silika mai tauri da ya fi yawa a yashi, waɗanda iska ko kogi suka kwaso daga tudu. Waɗannan sun riga sun zauna da gindinsu, ba sa narkewa da sauƙi, suna nan warwatse a cikin yumɓu ba tare da sun haɗa komai da komai ba. Ta biyu ita ce ƙwarangwal ɗin ƙananan halittun ruwa da suke gina jikinsu da silika: dayatom, da radiyolariya, da tsinkayen soson teku. Ta uku ita ce silikar da ake saki a can ƙasa sa'ad da wani nau'in yumɓu ya juye zuwa wani, ko sa'ad da tokar dutse mai aman wuta ta ruɓe.

Shekarun dutsen suna taimakawa a nan. Dayatom ba su yawaita a teku ba sai daga zamanin Kiritashiyos, wanda ya fara kimanin shekaru miliyan 145 da suka wuce, zuwa yau, saboda haka idan dutsen laka ya girmi wannan zamani sosai, kamar dutsen Barnett na Teksas ko Woodford na Oklahoma a Amurka, ko Longmaxi na kwarin Sichuan a ƙasar Sin, to silikar halittun da ke cikinsa daga radiyolariya da soso ta fito. Idan kuwa na zamanin Mayosin ne, wato kimanin shekaru miliyan 23 zuwa 5 da suka wuce, kamar Monterey ta Kaliforniya ko Onnagawa ta Japan, dayatom ne suka cika shi.

Wanda yake son ganin wannan silika a halinta na farko ba sai ya tsallaka teku ba. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi gindin tsohon babban Tafkin Chadi ne, kuma farar ƙasar da ke shimfiɗe a wurin ƙwarangwal ɗin dayatom ce wadda ba a taɓa binne ta da zurfi ba. Rashin nauyinta ne ya sa iskar hunturu take ɗaga ta cikin sauƙi, har ta zama wani ɓangare na hazon da yake rufe mana sararin sama a watannin sanyi. Akwai irin wannan ƙasa a Bularafa ta Jihar Yobe. Duk abin da za a faɗa a ƙasa labarin abin da zai sami irin wannan ƙasa ne idan aka jibga mata laka mai kaurin kilomita ɗaya ko biyu a kai.

Mataki na biyu: a san matakai uku na rikiɗar da abin da ke tura su

Silikar da halittu suka gina ana kiranta ofal-A. Ba ta da tsarin lu'ulu'u, tana ƙunshe da ruwa a jikinta, kuma tana narkewa fiye da kwaz nesa ba kusa ba: a zafin ɗaki, lita ɗaya ta ruwa tana iya narkar da fiye da miligiram 100 na irin wannan silika, alhali ta kwaz ba ta wuce miligiram 6 zuwa 10 ba. Wannan tazara ita ce take tuƙa lamarin gaba ɗaya. Da zarar zafi ya ƙaru, ofal-A tana narkewa a cikin ruwan da ke kafofin dutsen, ruwan ya cika ya batse, sai wani sabon nau'i ya sauka daga cikinsa, wanda ake kira ofal-CT saboda tsarinsa gauraye ne na wasu nau'o'in silika biyu, kiristobalait da tiridimait. Jones da Segnit ne suka tsayar da waɗannan sunaye a 1971, kuma har yau da su ake aiki. Idan binnewa ta ci gaba, ita ma ofal-CT sai ta narke, kwaz mai ƙananan ƙwayoyi ya maye gurbinta. Ba juyewa ce ta wuri ɗaya ba, narkewa ce da sake saukowa sau biyu, shi ya sa kowane mataki yake rushe tsohon ginin dutsen ya kafa sabo.

Zafi da tsawon lokaci su ne manyan masu iko. A yawancin kwaruruwan da aka bincika, sauyi daga ofal-A zuwa ofal-CT yana faruwa tsakanin digiri 35 da 50 a ma'aunin Salsiyos, na biyu kuma daga wajen digiri 60 zuwa sama da 80, a wasu wurare ma ya fi haka. Amma kuskure ne a riƙe lamba ɗaya a ce ita ce doka, domin abin da ke gauraye da silikar yana matsar da iyakar, wato zurfin da sauyin yake faruwa, sama ko ƙasa. Binciken Caroline Isaacs a kan duwatsun Monterey ya nuna wani abu mai ban sha'awa: yawan yumɓu yana jinkirta samuwar ofal-CT, amma yana gaggauta samuwar kwaz. Ma'ana, a shimfiɗa mai yumɓu da yawa, zangon ofal-CT gajere ne, a shimfiɗa mai tsabtar silika kuwa yana farawa da wuri kuma yana daɗewa. Gwajin da Miriam Kastner da abokan aikinta suka wallafa a 1977 ya nuna cewa kasancewar kabonet, da magniziyam a ruwa mai kaifin alkali, yana hanzarta saukar ofal-CT. Sakamakon wannan a fili yake ga duk wanda ya duba sandar dutse daga yankin sauyin: zai tarar da shimfiɗa mai tauri da shimfiɗa mai laushi suna bin juna a tazarar 'yan santimitoci, duk da cewa zafi ɗaya suka sha.

Mataki na uku: a kintaci zurfin iyakar kafin a taɓa samfur

Yana da kyau a yi lissafin share fage, domin a san inda za a sa ido. Ana ɗaukar zafin saman ƙasa ko na gindin teku, da yawan ƙaruwar zafi a kowace kilomita ta zurfi, wanda a kwaruruwa da yawa yake tsakanin digiri 25 da 35. A ce gindin teku yana kan digiri 5, zafi kuma yana ƙaruwa da digiri 40 a kilomita, to za a kai digiri 45 a zurfin mita 1,000 ƙarƙashin gindin tekun, kuma a nan ne za a fara neman iyakar farko. A Tekun Bering, inda jirgin haƙa na Glomar Challenger ya yi aiki a 1971, an tarar da wannan iyaka a wajen mita 600 ƙarƙashin gindin teku.

Idan abin da aka tarar a rijiya ya saɓa wa lissafin, kada a yi saurin zargin na'ura. Rikiɗar silika ba ta komawa baya. Dutsen da ya taɓa zama ofal-CT ba zai koma ofal-A ba ko da an ɗago shi sama ya huce. Saboda haka iyakar da aka tarar a wuri mai sanyi fiye da kima shaida ce cewa ko dai an zaizaye wani kauri na ƙasa daga sama, ko kuma zafin kwarin ya fi haka a dā. A ganina wannan yana daga cikin manyan amfanin binciken, domin iyakar ta zama ma'aunin zafi mafi tsanani da dutsen ya taɓa sha, a zangon da sauran ma'aunai, kamar ƙyallin bitirinait, wato ragowar tsirrai da ke cikin dutse, ba su cika nuna bambanci sosai ba.

Mataki na huɗu: a ɗauki samfur, a fara da ido da hannu

Sandar dutse da aka yanko cikakkiya daga rijiya ta fi ɓarɓashin haƙa daraja a wannan aiki, saboda ɓarɓashi yana gauraya shimfiɗu masu tauri da masu laushi, kuma mai laushin yakan narke ya bi ruwan haƙa, sai a ga kamar dutsen duk mai tauri ne. A ɗauki samfur kusa da kusa a yankin da ake zaton sauyin, a kuma rubuta irin shimfiɗar da kowanne ya fito. Wajen busarwa a yi hattara: zafi mai yawa yana korar ruwan da ke jikin ofal da na yumɓu, sai lissafin kafofi ya kumbura. Busarwa a wajen digiri 60 ta fi aminci.

Hannu da ido suna faɗin abu da yawa. Dutsen ofal-A, wanda ake kira dayatomait, fari ne ko ruwan ƙasa mai haske, ba shi da nauyi, farce yana kankare shi, kuma yana shan ruwa nan take. Dutsen ofal-CT mai ɗan yumɓu, wato fosilanait, yana kama da fasasshen tangaran da ba a yi wa ƙyalli ba, yana karyewa da kaifi, yana ƙara idan aka ƙwanƙwasa shi. Wanda silikarsa ta fi tsabta yakan zama cat, dangin ƙanƙarar da ake buga wa ƙyastu, mai santsi kamar gilashi, wanda wuƙa ba ta yi masa zane. Sai dai a tuna cewa waɗannan sunaye na kamanni ne. Fosilanait na iya zama na ofal-CT ko na kwaz, haka ma cat, don haka ido ba ya yanke hukuncin ƙarshe.

Mataki na biyar: a tabbatar da nau'in silikar da na'urar XRD

Wannan na'ura tana harba hasken eksire kan garin dutse, ta auna tazarar da ke tsakanin layukan atom da ma'aunin tsawo ƙanƙani da ake kira angistirom, ta fitar da sakamakon a zane mai tsinaye. Ofal-A ba ta ba da tsini, sai wani tudu mai faɗi a wajen angistirom 4, wanda yake daidai da kusurwar digiri 22 idan ana aiki da hasken tagulla. Ofal-CT tana ba da tsini mai ɗan faɗi a wajen angistirom 4.1, da kafaɗa a wajen 4.3, da wani ƙaramin tsini a 2.5. Kwaz yana ba da tsini siriri mai kaifi a 3.34 da wani a 4.26.

Akwai wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. Babban tsinin ofal-CT ba ya zama wuri ɗaya: sa'ad da ta fara samuwa yana wajen 4.11, kuma yayin da zafi yake ƙaruwa tsarinta yana daidaituwa, tsinin yana matsawa har zuwa wajen 4.04 kafin kwaz ya karɓe. Idan aka jera wannan lamba bisa zurfi, ana ganin ko samfurin yana farkon zangon ne ko yana dab da ƙarshensa. Domin lambar ta zama abin dogaro, a gauraya garin da wani ma'auni sananne, ko a daidaita da tsinin kwaz da ke cikin samfurin.

Raunin na'urar guda biyu ne. Tudun ofal-A yana iya ɓuya a ƙarƙashin alamun yumɓu ko na gilashin dutse mai aman wuta, saboda haka idan ana son adadinta sai a narkar da ita a ruwan sodiyam kabonet mai zafi a auna abin da ya fita. Na biyu ya fi haɗari: na'urar ba ta bambanta kwaz ɗin da kogi ya kawo da wanda ya tsiro a cikin dutsen. Duka tsini ɗaya suke bayarwa.

Mataki na shida: a raba kwaz ɗin da aka kwaso da wanda ya tsiro a wurin

A nan ne aikin yake da nauyi, kuma a nan ne na fi ganin ana yin sakaci. Hanya ta farko ta sinadarai ce. A matsakaicin dutsen laka, nauyin silikon ya ninka na alminiyam kusan sau 3.1. Sai a ninka alminiyam ɗin samfurin da wannan lamba, a cire abin da aka samu daga jimillar silikon, ragowar ita ce rarar silika, wadda ake kyautata zaton daga halittu ta fito. Ana ƙarfafa wannan da duba zakoniyam, domin shi yana tafiya ne tare da yashin da aka kwaso daga tudu. Idan silikon da zakoniyam suna hawa tare, kwaz ɗin baƙo ne. Idan silikon yana hawa zakoniyam yana sauka, silikar ta cikin ruwa ce. Lambar 3.1 matsakaici ce ta duniya, kuma ya fi kyau a fitar da ta kwarin da ake aiki a kansa daga shimfiɗun da aka tabbatar ba su da silikar halittu.

Hanya ta biyu ita ce gani da ido a madubin ilektiron. Ofal-CT tana bayyana a matsayin ƙananan ƙwallaye masu faɗin 'yan maikiromita (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), kowanne an gina shi da siraran faranti da suka sarƙe da juna. Kwaz ɗin da ya tsiro a wurin yana zuwa da ƙwayoyi na maikiromita ɗaya zuwa uku, a dunƙule ko a jere, suna cike tsakanin ganyayyakin yumɓu. Idan madubin yana da abin auna hasken da ma'adini yake fitarwa sa'ad da ilektiron ya doke shi, bambancin yana fitowa sarai: ƙwayar da ta fito daga dutsen da ya samu cikin tsananin zafi tana haske, wanda ya tsiro a ƙaramin zafi kuwa dishi-dishi yake ko baƙi ƙirin.

Kada a manta da hanya ta uku ta shigowar silika da aka ambata a mataki na farko. Simektait, wato yumɓun nan mai kumbura idan ya sha ruwa ya tsattsage idan ya bushe, kamar baƙar lakar fadama, yana juyewa zuwa wani nau'in yumɓu da ake kira ilait daga wajen digiri 60 zuwa 100 idan ya sami fotasiyam, kuma a wannan juyi yana sakin silika da ruwa. Da yake ruwa ba ya yawo sosai a cikin dutsen laka, silikar ba ta zuwa ko'ina, sai ta sauka nan kusa a matsayin ƙananan ƙwayoyin kwaz. An nuna wannan a duwatsun laka na arewacin Tekun Arewa na Turai da na gaɓar Norwe. Saboda haka dutsen da bai taɓa ɗaukar dayatom ko ɗaya ba yana iya yin tauri kwatsam a zurfin kilomita biyu zuwa uku, kuma hanyar gane shi ita ce a bi raguwar simektait da ƙaruwar ilait tare da zurfi.

Mataki na bakwai: a karanta bayanan rijiya da nauyin ƙwaya na gaskiya

A ma'aunan da ake zurawa cikin rijiya, iyakar ofal-A da ofal-CT tana fitowa kamar matakala: nauyin dutse yana tsalle sama, saurin sauti yana ƙaruwa, yawan kafofi yana faɗuwa, duka a tazara gajera. A duwatsun Monterey, dayatomait yana da kafofi kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari, dutsen ofal-CT yana sauka zuwa wajen 25 zuwa 40, na kwaz kuma yakan yi ƙasa da haka. Dalilin yawan kafofin farko shi ne ƙwarangwal ɗin dayatom kamar rariya yake, fanko ne a ciki, kuma yana da ƙarfin da yake hana laka matsewa yadda ta saba. Ranar da ya narke, ginin ya rushe gaba ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafa kafofi da nauyin kwaz, wato giram 2.65 a kowace santimita kubik, alhali ƙwayar ofal-A ba ta wuce wajen 2.1 ba, ta ofal-CT kuma wajen 2.3. A ɗauki dutsen da na'ura ta auna nauyinsa 1.5, cike da ruwa mai nauyin 1.0. Idan aka yi aiki da 2.65, za a sami kafofi kusan kashi 70. Idan aka yi aiki da 2.1, za a sami kusan kashi 55. Tazarar kashi 15 a lissafin man da ke ƙasa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ma'aunin niyutiron, wanda ake zurawa a rijiya domin auna kafofi, shi ma yana da nasa ruɗin, domin yana ƙidaya ruwan da ke ɗaure a jikin ofal tamkar ruwan kafofi ne. Mafita ita ce a auna nauyin ƙwaya daga sandar dutse a kowane zango, a yi lissafin kowanne da nasa.

Mataki na takwas: a nemo iyakar a hoton sesmik

Hoton sesmik shi ne wanda ake samu ta hanyar tura sauti cikin ƙasa a naɗi amsa-kuwwarsa. Tunda nauyi da saurin sauti suna tsalle a wuri ɗaya, iyakar tana mayar da amsa-kuwwa mai ƙarfi. Alamarta ita ce tana bin layin zafi, ba ta bin shimfiɗun dutse, don haka ana ganinta tana ratsa shimfiɗu a karkace, sau da yawa tana kwaikwayon siffar gindin teku. An zana ta a faɗin dubban murabba'in kilomita a kwarin Vøring da na Møre a gaɓar Norwe, da kwarin da ke tsakanin tsibiran Faro da Shetland, da gaɓar tsibirin Sakhalin na Rasha.

Akwai wani layi mai kama da ita, wato gindin ƙanƙarar iskar gas da ke daskarewa a lakar teku mai zurfi, kuma ana rikita su. Hanyar rabewa ita ce fuskar amsa-kuwwar. A iyakar ofal ana shiga dutse mafi tauri daga mai laushi, don haka fuskarta iri ɗaya ce da ta gindin teku. A gindin ƙanƙarar gas ana fita daga mai tauri zuwa mai laushi, fuskarta a juye take. Haka kuma layin da ya miƙe ya ratsa shimfiɗu yana iya kama da mahaɗar mai da ruwa, kuma wanda bai yi lissafin mataki na uku ba zai iya ba da shawarar haƙa rijiya a kan abin da ba mai ba ne. Idan layin bai yi daidai da gindin tekun yau ba amma ya yi daidai da wata tsohuwar shimfiɗa da ke sama da shi, to iyakar ta daina tafiya tun wancan zamani.

Mataki na tara: a fassara sakamakon zuwa halayen dutse

Abu na farko shi ne raguwar kauri da sakin ruwa. Shimfiɗa mai kaurin mita 100 da kafofi kashi 60 tana da tsantsar dutse na mita 40. Idan kafofin suka koma kashi 35, kaurin zai koma wajen mita 62, kuma zai ƙara raguwa kaɗan saboda sabuwar ƙwayar ta fi tsohuwar matsewa. Ruwan mita kusan 40 a kan kowace murabba'in mita dole ya nemi mafita. Inda lakar da ke sama ta toshe hanya, matsin ruwan kafofi yana iya hauhawa, kuma mai haƙa rijiya yana bukatar sanin haka kafin ya isa wurin. Inda sauyin bai tafi bai ɗaya ba, wani wuri ya rigayi wani, shimfiɗun sama suna lotsawa su yi tudu da kwari, kuma a kwaruruwan gaɓar Norwe ana yawan samun iyakar a cikin laka mai tsagogi masu sarƙewa kamar saƙar zuma.

Abu na biyu shi ne gautsi. Dayatomait yana matsewa ya lotsa idan aka danne shi. A filayen mai na South Belridge da Lost Hills a kwarin San Joaquin na Kaliforniya, inda ake ɗebo mai daga dayatomait mai yawan kafofi amma mai wuyar ratsawa, janye ruwa da mai ya sa ƙasa ta nutse, bututun rijiyoyi da yawa suka lanƙwashe, har aka koma tura ruwa ƙasa domin a riƙe matsin. Fosilanait da cat kuwa ba sa lotsawa, karyewa suke yi, kuma waɗannan tsagogi ne suke ba mai hanya a filayen Monterey na gaɓar Santa Barbara. A filayen Rose da North Shafter iyakar kanta ce tarkon: man yana cikin dutsen da ya kai matakin kwaz, dutsen ofal-CT mai matsattsun kafofi kuma ya tare shi daga sama.

A duwatsun laka masu iskar gas irin su Barnett da Longmaxi, an saba auna gautsi da raba yawan kwaz da jimillar kwaz da kabonet da yumɓu. Ban yarda a yi amfani da wannan lissafi shi kaɗai ba. Ƙwayoyin kwaz na kogi da suke iyo a cikin yumɓu ba sa ƙara wa dutse tauri sosai, yumɓun ne yake ɗaukar nauyin. Kwaz ɗin da ya tsiro daga radiyolariya kuwa yana haɗewa ya zama ƙashi guda, ya sa dutsen ya tsage da kyau idan aka tura masa ruwa da ƙarfi, kuma ƙashin yana kare ƙananan kafofin da ke cikin ragowar halittu daga matsewa, inda gas ɗin yake zama. Wannan ne ya sa a shimfiɗun ƙasa na Longmaxi yawan silika yake tafiya tare da yawan kabon na halittu da kuma yawan gas. Duwatsu biyu masu kwaz kashi 50 za su ba da lamba ɗaya a wancan lissafi, amma ɗaya ne kawai zai riƙe tsagarsa a buɗe.

Ga wanda yake neman dutsen da zai zama murfi, ko don riƙe mai ko don adana iskar kabon a ƙasa, hukuncin a juye yake. Shi yana son laka mai danƙo wadda take rufe tsagarta da kanta, don haka shimfiɗar da kwaz ya ɗaure ta tana bukatar a duba tsagoginta da kyau kafin a dogara da ita. A rahoton ƙarshe, kowane zango na rijiya ya zo da nau'in silikarsa, da asalinta, da nauyin ƙwayar da aka yi lissafi da shi, da zurfin iyakokin biyu, da bayanin ko iyakar tana daidai da zafin yau ko ta wani zamani ce da ya wuce, domin injiniyan haƙa ya zaɓi bakin na'ura da nauyin ruwan haƙa tun kafin ya kai mita ɗari na ƙarshe da ke saman iyakar.